Kututturen da Ya Ƙi Mutuwa

A watan Disamba aka sare dogon yaron da ke ƙofar gidanmu a Tudun Wada, cikin garin Kaduna, ba don son ranmu ba. Saiwarsa ta ɗaga daɓen zaure, ta tsaga katanga tun daga tushe har kusa da taga, kuma mai gyaran sokawe ya ce duk ranar da ya ɗaga murfi sai ya tarar da jijiyoyi sun cika ramin kamar gashin da aka tsefe. Aka kira mai inji. Kafin azahar ya gama, ya bar kututture iya gwiwa, ya ƙirga kuɗinsa, ya ɗora ƙafa a kai ya ce da ni, "Yallaɓai, wannan kam ya gama yawo." Masu gidan burodi suka zo da baro suka kwashe gumagumai.

Ba a yi wata biyu ba, ga shi ko ɗigon ruwa bai sauka ba, sai ga toho jajaye masu laushi sun kewaye bakin kututturen kamar an yi masa rawani. Na sa adda na share su. Bayan mako uku suka dawo, sun fi na farko yawa. Da damina ta kankama kuma sai wasu suka ɓullo can gindin katanga, taku shida daga inda itacen yake, ta cikin tsagar siminti. Nan ne kowa ya zama likita. Wani ya ce gishiri, wani ya ce ruwan batir, wani ya ce in buga ƙusa. Na bi shawarar baƙin mai, na karɓo galan guda a wajen bakanike na tuttula a tsakiyar kututturen. Abin da na samu shi ne wari da baƙin tabo da faɗan Hajiya, tohon kuwa ko gezau.

Kuskurena shi ne na kowa: mun ɗauka ran bishiya yana sama, inda muke gani. To, ganye dai shi ne madafa. Da hasken rana da iska da ruwa yake haɗa sukari, sukarin nan ya bi ta cikin ɓawo ya sauka, abin da bishiya ba ta ci ba ta mai da shi sitaci ta adana a saiwa da gindi. Wato ƙarƙashin kowace bishiya akwai rumbu, kuma babbar bishiya ta yi shekara talatin ko arba'in tana tara shi. Mai inji ya rushe madafa ya tafi, bai taɓa rumbun ba. Da hatsin da ke ciki kututture ke gina sabon ganye, shi ya sa ba ya jiran ruwan sama, shi ya sa kuma tohon kututture ke yin tsawon da dashe ba zai yi a shekara biyu ko uku ba. Saiwar da ta saba ciyar da itace mai inuwar mutum ashirin ce ta koma ciyar da 'yan tsirarun rassa.

Akwai kuma abin da ke tayar da tohon. Duk wanda ya taɓa dasa rake ya san ido, ɗan ƙullun da ke jikin gaɓa wanda daga shi sabon tsiro ke fita. Bishiyoyi da yawa suna da irin waɗannan idanu a ɓoye ƙarƙashin ɓawo, suna barci. Abin da ke hana su farkawa wani sinadari ne da ake kira oksin, wanda kan kowane reshe mai girma ke samarwa yana turo shi ƙasa, kamar saƙon maigida cewa ina nan, kowa ya zauna a inda yake. Ranar da aka sare kan, saƙon ya yanke. Saiwa kuma ba ta daina turo nata sinadaran masu cewa a tsira ba. Sai idanun su buɗe gaba ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya sassare toho ya tafi yake dawowa ya tarar sun ninka: an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Sai dai ba duk itace ke da wannan hali ba, kuma daga nan ya kamata a fara lissafi. Giginya da kwakwa ido ɗaya gare su, can ƙoli, idan an sare an gama. Itacen fayin, mai ganye kamar allura, da aka daddasa a gandun dajin Afaka, kusa da Mando, shi ma ba ya tohowa daga kututture. Amma turare, wanda wasu ke kira zaiti, da aka kawo daga Ostareliya, da malaina, da itacen tik irin na gandun Nimbiya a kudancin jihar, saboda wannan halin ma ake son su. A sare turare a sayar wa magina sanduna, bayan 'yan shekaru a dawo a sake sara a kan kututture ɗaya, ba tare da an sake dasa ko ƙwaya ba. Dogon yaro, wanda asalinsa na ƙasar Indiya da kewayenta ne, aka kuma fara dasa shi a lardin Borno a 1928, ya cika garuruwan Arewa ne saboda taurin ransa. Taurin ran da ya sa aka kawo shi, shi ne yake ba mu wahala yau a ƙofar gida.

Cikin masu tohowa ma kashi biyu ne. Mangwaro da malaina, alal misali, yawanci a jikin kututture suke fitowa, abokin faɗanka yana wuri ɗaya kana ganinsa. Gwaiba da doka da maje da aduruku da gawo, har da dogon yaro idan an ji wa saiwarsa ciwo, suna iya fitar da tsiro daga jikin saiwar da ke kwance, nesa da gindi. Waɗannan su ne masu ban haushi. Waɗanda suka sayi fili a sababbin unguwanni irin su Millennium City ko bayan Rigasa, inda jiya-jiya daji ne, sun san labarin. A share fili tas, a kewaye, a dawo bayan damina a tarar da jajayen ganyen doka sun cika wurin. Ba iri ne ya faɗi ba. Dajin doka ya yi ɗaruruwan shekaru yana shan gobarar rani da gatarin masu itace, ya koyi ajiye dukiyarsa inda wuta ba ta kaiwa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane wanda kake fama da shi. Ka jiƙa wurin, ka kama tsiron ka ja. Idan ya fito salin-alin da 'yar siririyar saiwarsa mai tsini, 'ya'ya ne, jemagu da tsuntsaye suka yar, ba shi da wani gata a ƙasa. Idan ya tsinke a hannunka, ka tona ka tarar yana manne da wata kakkaurar jijiya da ta wuce gaba, to reshen tsohon rumbu ne. Na gindin katangarmu irin na biyun ne.

Wanda ya fara buɗe mini ido wani dattijo ne mai gadi a layinmu, mutumin wajen Giwa, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana sassabe. Ya same ni da adda a hannu, gumi na zuba, ya tsaya ya kalli aikin. "Malam, yaushe rabonka da shi?" Na ce, "Wata guda ke nan, Baba." Ya girgiza kai. "Ai kiwonsa kake yi. Ka bar shi ya yi ganye ya ci ya ƙoshi, sannan ka zo ka yi masa aski." Ya durƙusa, ya sa babban yatsa ya murje wani ɗan toho da bai kai tsawon ashana ba. "Haka ake yi. Tun yana ja, kada ka bari ya ga kore."

Baba bai san sunan sitaci ba, amma duk ilimin yana cikin maganarsa. Sabon toho, kafin ganyensa ya buɗe ya yi kore, ci yake daga rumbu, ba ya zuba komai. Da zarar ganyen ya nuna, sai ya fara mai da abin da ya ci, har da riba. Wanda ke sara wata-wata yana zuwa ne bayan an biya bashi. Wanda ke murjewa duk mako ko kwana goma yana sa kututture ya yi ta kashe jari babu ciniki, har ya karye. Hanyar ba ta cin ko kwabo, amma tana cin haƙuri. Ƙaramin itace kan sallama cikin damina ɗaya, babba yana iya kai shekara biyu ko fiye, kuma tafiyar wata biyu kawai za ka yi ka dawo ka tarar an koma gidan jiya. Ana rage wahalar da rufe kututturen ruf da baƙar leda mai kauri ko tsohon kwanon rufi, a danne da duwatsu yadda haske ba zai shiga ba. Tohon zai fito a cikin duhu, fari sol, ya ci abinci ya mutu. Sai dai a riƙa leƙa gefe, don yakan lallaɓo ta bakin leda. Akuya ma ma'aikaciya ce a wannan fanni, in dai itacen irin wanda take ci ne.

Lokacin sara shi ma yana da nasa tasiri, kuma a nan al'adarmu ta saɓa wa bukatarmu. Mun fi sara da kaka da hunturu, lokacin da aikin gona ya ƙare kuma itace ke saurin bushewa. Daidai lokacin ne kuwa rumbun ke cike maƙil, bayan bishiya ta yi damina guda tana tarawa. Ma'aikatan gandun daji masu son toho mai ƙarfi ai lokacin hutun bishiya suke zaɓa. Mai son akasin haka sai ya jira itacen ya gama kashe ajiyarsa wajen fitar da sabon ganye, abin da yawancin itatuwanmu ke yi da bazara zuwa farkon damina, sannan ya sare kafin ya mai da gurbin. Ba zai hana toho ba, amma zai fito da rauni. Ni da na sare a Disamba, na zaɓi wata mafi muni a shekara. Gawo ne kawai ɗan tawaye, shi da damina yake zubar da ganye, nasa lissafin a juye yake.

Tsofaffin manoma suna da wata dabara ta riga-kafi, kashe itace a tsaye. A ɓare ɓawon ya kewaye gindi, faɗin tafin hannu ko fiye, a kankare santsin da ke ƙasansa har a kai ga itace. Ruwa zai ci gaba da hawa, domin ta cikin itacen yake bi, amma abinci ba zai sauka ba, domin hanyarsa ɓawo ce. Sama tana ta zuƙa, saiwa tana ta aiki babu albashi, har rumbu ya ƙare. Duk wanda ya lura da yadda masu sassaƙe ke kashe maɗaci a gefen titunan Kaduna ba da niyya ba ya ga wannan da idonsa. Takan ɗauki shekara ko biyu, kuma dole a riƙa cire tohon da ke fitowa ƙasan zoben. A gona dabara ce mai kyau. A tsakar gida kuwa ban ba kowa shawara ba, domin busasshen itace a tsaye da iskar farkon damina ba sa haɗuwa a rabu lafiya, ga yara ga wayar lantarki.

Mai gaggawa hanya biyu ta rage masa, tono ko magani. Tono shi ne mafi tabbas ga itacen da ke toho a kututture kawai, kuma dole ne ga wanda zai yi gini a wurin. Kututturen da aka binne ƙarƙashin daɓe zai ruɓe ya bar kogo, daɓen ya lotsa, gara kuma ta samu masauki kusa da silin da ƙyamare. Amma wanda ya san tono zai yi kada ya bari mai inji ya yanke itacen ƙasa-ƙasa. A bar shi iya ƙirji ko sama da haka, don idan an haƙa kewaye da diga an datse manyan jijiyoyi da gatari, wannan tsawon ne za a ɗaura wa igiya a rinjaya. Gajeren kututture ba shi da mariƙa, sai ka ga ƙarti huɗu sun wuni a kansa. Ga masu tsiro daga saiwa kuma tono na iya zama garin gyaran gira a rasa ido, domin duk guntun jijiyar da aka datse aka bari yana iya zama sabon itace. Haka katafila ke yi a gonaki: ta kwashe kututture, ta tafi da ƙasar sama mai albarka, ta bar gutsattsarin doka a warwatse.

Maganar magani ce ta fi bukatar a tsaya, don a nan aka fi asarar kuɗi. Maganin ciyawa iri biyu ne. Akwai mai ƙone abin da ya taɓa kawai, irin farakwat, wanda aka sani da sunan Gramoxone. Kwana biyu ganye ya yi ƙurmus, mai feshi ya ji daɗi, saiwa kuwa ba ta ma san an yi ba, ga shi guba ce mai kisa ga ɗan Adam ko da kurɓi kaɗan. Akwai kuma mai shiga jiki ya bi hanyar abinci har saiwa, irin gilaifoset, wanda ya fara shiga kasuwa a 1974 da sunan Roundup, ake kuma sayar da shi a shagunanmu da sunaye da dama kamar Force Up. Wannan ne ke aiki a kan kututture, amma da sharuɗɗa.

Na farko, minti. Da zarar an yanke itace, bakin ciwon yakan fara bushewa ya toshe hanyoyinsa. Maganin ya kamata ya hau cikin 'yan mintoci, kada a wuce kamar rubu'in awa. Ma'ana, kwalbar tana hannu tun kafin a tayar da inji. Wanda ya je kasuwa washegari ya makara. Na biyu, wuri. Ka dubi fuskar kututturen dogon yaro: tsakiyar ja-ja ce, gefen fari-fari, sannan ɓawo. Jan nan mataccen itace ne, ginshiƙi kawai, ba ya kai saƙo ko'ina. Rai yana cikin siririn zoben da ke tsakanin ɓawo da farin itace. Nan ake shafawa da buroshi, a kewaye ba tare da tsallake ko'ina ba. Ni da na zuba baƙin mai a tsakiya, ko da maganin gaske ne na zuba, asara na yi. Na uku, ƙarfi. Haɗin da ake yi wa ciyawa a cikin goyon feshi ya yi tsarari da yawa. Kututture yana son maganin yadda ya fito daga kwalba, ko a raba shi biyu da ruwa. A zaɓi ranar da babu hadari, kuma ƙarshen damina ya fi, lokacin da abinci ke gangarawa zuwa saiwa ya ja maganin ya tafi da shi.

Idan kututturen ya tsufa, kamar nawa, sai a sake yanka shi ƙasa kaɗan har a ga ɗanyen jiki, ko a sassara gefensa da gatari a ɗiga maganin a cikin saran nan take. Ko kuma a ƙyale tohon ya kai gwiwa, ganyensa ya buɗe sosai, a shafa masa, a bar shi ya yi makonni ba a taɓa shi ba. Masu gajen haƙuri kan sare shi bayan kwana uku don ba su ga canji ba, su datse hanyar da maganin ke bi.

Magani dai magani ne. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gilaifoset cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, ko da yake hukumomin Amurka da na Tarayyar Turai ba su hana amfani da shi ba. Safar hannu da takalmi ba ado ba ne, kuma kada a juye saura a robar lemo a ajiye inda yaro zai gani. Akwai wani haɗarin da ba a cika faɗa ba, wanda ke iya kai mutum gaban mai unguwa. Itatuwa iri ɗaya da ke kusa da juna saiwarsu kan haɗe a ƙasa, sai ka shafa wa naka, na maƙwabci ya fara zubar da ganye. Haka kuma tsiron da ya ɓullo a tsakar gidanka yana iya zama daga gwaibar da ke bayan katanga, mai rai, mai 'ya'ya, wadda mai ita ke so. Irin wannan ba a sa masa magani. A haƙa rami a bakin iyaka, a datse jijiyar, sannan a yi maganin ɓangaren da ya rage a wajenka.

Su gishiri da ruwan batir da baƙin mai ba sai an daɗe a kansu ba. Gishirin da zai kashe babban kututture zai kashe ƙasar wurin ma, ruwan sama kuma ya ja shi zuwa gindin abin da kake so. Baƙin mai da ruwan batir suna gangarawa ƙasa, kuma gida nawa ne a Tudun Wada ko Rigasa ba ya shan rijiya ko burtsatse? Ƙusa labari ce. Wuta tana cin busasshen kututture, amma ɗanye sai dai ta babbake samansa, domin ƙasa ba ta barin zafi ya nutsa, itatuwan dajinmu kuma da gobara suka girma.

Wani abin mamaki shi ne, abin da muke yaƙa da shi a gari shi ne ya farfaɗo da gonakin maƙwabtanmu. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi, dashen kuma yana ta mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, tohon tsofaffin kututture ne masu rai. Maimakon a share duka, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a cire saura. Rumbun da ke ƙasa ya yi sauran aikin. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Don haka a gona ina ganin sai an yi tunani sau biyu kafin a sa wa kalgo ko sabara ko kaɗanya magani. Kututturen da ke gindin fandisho daban, wanda ke bakin kunya daban.

Nawa dai a watan Oktoba na sake kiran mai inji ya rage shi, ina tsaye da buroshi a hannu, na shafe zoben kafin ya kashe injin. Na gindin katanga na bi su ɗaya-ɗaya na tona, na datse jijiyar, na shafa wa bakin. Da bazarar da ta biyo baya toho biyu ne suka gwada fitowa, ganyensu a murɗe, Baba ya murje su yana wucewa. Yanzu ɓawon ya saɓule, gara ta shiga, idan ka buga da dunduniya sai ka ji kamar ganga. Ina jiran ya ƙara laushi in sa a tone shi kafin garar ta gano hanyar zaure. Tabon baƙin man nan kuwa har yau yana nan a daɓe.